Dogon Hutun Da Ba A Hutawa: Lafiyar Ma'aikatan Kwalejojinmu A Damina

  

A makon jiya na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar magungunan tari na yara. Ku yi mini afuwa, zan ɗage ta zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, saboda wani abu da ya faru a shagona na magani a nan Kujama ya tsaya mini a rai, kuma lokacin maganarsa yanzu ne. In aka koma makaranta ta sha ruwa.

Ranar wata Asabar da yamma, ana yayyafi, wani dattijo da na daɗe da sani ya shigo. Malami ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun kudancin jihar nan. Iyalinsa suna nan Kujama, shi kuma yana can wurin aiki, sai ƙarshen mako yake biyo hanyar Kachiya ya zo gida. Ya haura shekara 50. Ya ba ni izinin ba da labarinsa bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa ko na makarantarsu, don haka Baba kawai zan kira shi, kamar yadda nake kiran sa a shago.

Bayan mun gaisa sai ya ce, "'Yata, maganin gajiya za ki ba ni, mai ƙarfi. Wannan ya daina yi mini." Ya zaro fankon katin diklofenak daga aljihu ya ajiye a kan kanta. Na tambaye shi tun yaushe yake sha. Ya ce ya kai wata guda, ɗaya da safe ɗaya da dare, ran da jiki ya yi tsami sosai kuma ya ƙara da "haɗi" da yake saya a wani kemis kusa da tasha. Na ce, "Baba, kafin in ba ka komai, zauna in auna jininka." Ya yi dariya, ya ce shi da bai taɓa kwanciya a asibiti ba, gajiya ce kawai, kuma ma ai hutu ake yi. Da ƙyar ya zauna. Awon farko ya nuna 172 bisa 104. Na bar shi ya huta minti biyar na sake, 168 bisa 102.

Sai na ce ya lissafa mini yadda makon nan nasa na hutu ya kasance. Litinin zuwa Alhamis yana aji da ɗaliban karatun hutu tun ƙarfe 8 na safe. Da dare yana makin takardun jarrabawar zangon da ya wuce, sama da 400, da fitilar caji, saboda ana jiran sakamako. Ga 'yan ajin ƙarshe da yake duba wa furojet suna bin sa da waya. Juma'a gona, ya sa wa masara taki, ya leƙa 'yar cittar da ya sake gwadawa bana. Asabar ya kamo hanya, ya tsaya ɗaurin aure a Zonkwa. Lahadi bayan sujada akwai taron kwamitin ginin coci, da yamma ya koma. Da ya gama lissafin shi da kansa ya yi shiru. Na ce, "To Baba, ina hutun?"

Baba ba shi kaɗai ba ne. Allah Ya albarkaci kudancin Kaduna da makarantu. Ga Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, wadda ta samo asali tun 1977, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a cikin garin, ga reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Samarun Kataf. A bayan kowace ƙofa daga cikinsu akwai ma'aikata masu ɗimbin yawa, kuma mu da muke waje mun ɗauka da zarar ɗalibai sun tattara akwatunansu shi ke nan, malamai sun miƙe ƙafa. Ba haka abin yake ba. Da zarar firamare da sakandare sun rufe a ƙarshen Yuli, malamansu ne ke komawa ɗalibai. Tun da aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, malaman da ke bakin aiki suke amfani da dogon hutu wajen cike gurbi ko neman digiri, abin da ake kira karatun sanwic. Wato karatun da ɗalibi na yau da kullum yake yi cikin watanni shi ake matsewa cikin 'yan makonni. Mai koyarwa a gajiye, mai koyo a gajiye, wata ma da goyo a baya tana kwana a ɗakin haya da ba gidan sauro.

Waɗanda aka fi mantawa da su kuwa su ne ma'aikatan da ba sa shiga aji. Akawun ofishin rajistara da ke fama da fayil-fayil na sababbin ɗalibai, masu shara, direbobi, masu yankan ciyawar da ruwan Agusta yake tayarwa cikin kwana goma, da maigadin da zai kwana a ƙofa ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Su hutun ɗalibai bai shafe su ba ko kaɗan.

A Amurka akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu da suka ɗan yi kama da namu. Su dogon hutunsu yana faɗowa ne a lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, kuma wasunsu kan taƙaita makon aiki zuwa kwana huɗu a wannan tsakani don ma'aikata su sarara. Mu ma nan Jihar Kaduna a watan Disamban 2021 gwamnati ta ɓullo da tsarin aikin kwana huɗu a mako. Sai dai namu hutun a tsakiyar damina yake, kuma duk ranar da aka samu gona ce ke cinye ta. Ban ga laifin kowa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 albashi shi kaɗai ba ya kai iyali ƙarshen wata. A shekarar ce kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachiya da Jaba da Kagarko da kewaye, ta bar manoma da yawa da bashi, ciki har da ma'aikatan da suka ci rancen ƙungiya suka zuba a gona. Saboda haka ba zan zauna a bayan kanta in ce wa magidanci ya je ya kwanta ya huta ba, wannan maganar wanda bai san farashin mudu ba ce. Maganata ita ce abin da muke zuba wa jiki don ya yi shiru mu ci gaba da aiki.

Bari in faɗa ƙarara a matsayina na wadda ta karanci harhaɗa magunguna: babu maganin gajiya. Duk abin da ke kan kantata ba wanda aka yi shi don ya maye gurbin barci. Abin da mutane ke kira maganin gajiya yawanci dangin diklofenak ne, da ibufurofen, da firoksikam. Magunguna ne masu amfani in an sha su kwana biyu zuwa biyar saboda targaɗe ko ciwon haƙori. To amma yadda suke kashe raɗaɗi, haka suke rage wasu sinadarai da jiki yake kare bangon ciki da su, yake kuma buɗe hanyoyin jini na ƙoda da su. Shi ya sa mai shan su mako da makonni, musamman ba tare da abinci ba, yake iya samun gyambon ciki har ya yi jini. Alamar da ya kamata kowa ya sani ita ce bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai mai jini. Wannan ba na jiran gobe ba ne. Kazalika suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, sai jini ya hau, kuma ko mutum yana kan maganin hawan jini suna rage masa ƙarfi. Ƙoda kuwa ta fi shiga haɗari a daidai ranar da aka wuni a gona ana gumi ba a sha ruwa sosai ba, aka dawo aka haɗiyi biyu. Ita ƙoda ba ta kuka da wuri.

Haɗi ya fi ba ni tsoro. 'Yan ƙwayoyi huɗu ko biyar ne a ƙulle a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, mai sha bai san me ya sha ba. Sau da yawa in aka kawo mini na warware nakan tarar da dangin diklofenak iri biyu a ƙulli ɗaya, da farasitamol, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya, deksametason. Ita ce ke sa mutum ya ji garau washegari ya ce maganin wane yana ci. Amma in aka daɗe ana shan ta tana kumbura fuska, ta tayar da suga, ta tayar da jini, ta raunana ƙashi, ta kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: wanda ya yi makonni yana shan ta kullum bai kamata ya yanke ta rana ɗaya ba, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, sai a hankali ake janye ta bisa tsarin likita. Don haka in ka gane kanka a wannan bayani, kada ka watsar kawai, ka ɗauki ledar ka kai wa likita ko famasis.

Ko farasitamol da muke raina shi yana da iyaka. Babba mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma a rarrabe. Matsalar ita ce yawancin magungunan mura da na ciwon jiki akwai shi a ciki, sai mutum ya sha wannan ya sha wancan ya ninka bai sani ba, hanta ce ke biyan bashin. Mai shan giya ko burkutu iyakarsa ta fi haka ƙasa. Taramadol kuwa ba ma zan tsaya a kanta ba, mun yi maganarta a wannan fili, kuma ba matasa kaɗai ke faɗawa ba.

Sai masu cewa a ɗaura musu ƙarin ruwa don su ji ƙarfi. Ledar ruwan nan ruwa ne da gishiri ko ɗan suga. Mutumin da yake iya ci da sha ba abin da za ta ƙara masa, in kuma yana da hawan jini ko zuciyarsa ta raunana tana iya jawo masa abin da bai nema ba. Sau tari abin da ya sa ya ji daɗi shi ne awa uku da ya yi a kwance ba waya.

Mu dawo kan lambar Baba. Ana cewa mutum yana da hawan jini in awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a ranaku biyu mabambanta. Bincike-binciken da aka yi a Najeriya suna nuna kusan mutum 1 cikin manya 3 yana da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Hausawa na cewa jiki magayi, to a nan kam jiki ba ya faɗa. Mutum yana iya yawo da 170 yana koyarwa, yana noma, yana tuƙi, ba ciwon kai ba jiri, sanarwar farko ita ce shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya yi aiki a makaranta ya san labarin wani da aka ce jiya ma an gan shi lafiya lau.

Awon ma yana da ƙa'ida, kuma ina ganin ana karya ta kullum. Ka zauna minti biyar tukuna, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka ci goro ko ka sha kofi ko taba rabin awa kafin nan, in kana jin fitsari ka fara yi. A auna sau biyu, a rubuta a takarda da kwanan wata. Na'urar da ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu, mai kaurin damtse kuma sai da babban maɗauri, in ba haka ba lambar za ta yi ƙarya. In aka ga 180 bisa 120, balle da ciwon ƙirji, ko gani dishi-dishi, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu, asibiti za a nufa a take.

Waɗanda suka riga suka san suna da shi kuma damina ce lokacin da suka fi sakaci. Magani ya ƙare, kuɗin ya tafi taki, an ce ai an ji sauƙi. Maganin hawan jini ba ya warkarwa, riƙewa yake yi, ran da ka sake shi jinin ya koma inda yake. In amlodifin yana kumbura maka ƙafa, ko lisinofiril yana sa ka busasshen tari, faɗa za ka yi a canza maka, akwai wasu. Zoɓo marar suga yana ɗan taimakawa, amma ba ya zama a madadin ƙwaya. Uwargida kuma ga naki: gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da taliyar yara da kifin gwangwani. Kanwa ma da muke jefawa a wake da miyar kuɓewa 'yar uwar gishiri ce a wajen jini. Daddawa da citta da tafarnuwa suna ɗaga miya ba sai an jefa dunƙule biyar ba.

Wani abin da gajiya take ɓuya a bayansa shi ne "maleriya da taifod". Yanzu lokacin sauro ne, ba musu, kuma kewayen Kafanchan ruwa ya fi na arewacin jihar yawa. Amma ba kowace kasala ce zazzaɓin cizon sauro ba. Gwajin ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna akwai, a sha maganin cikakke, irin wanda aka fi bayarwa sau shida ne cikin kwana uku, kuma a ci abinci mai ɗan maiƙo ko a sha madara don ya shiga jiki da kyau. In ya nuna babu, a nemi dalili a wani wuri. Na ga malamar da ta sha maganin maleriya sau uku cikin wata biyu, ashe ƙarancin jini ne saboda yawan zubar al'ada. Na ga wanda ashe suga ne. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba wa a watannin damina na yara ne 'yan wata 3 zuwa 59, iyaye a daina karɓe shi ana sha. Babba gidan sauro ne nasa, har da maigadi a bakin ƙofa da ɗalibar sanwic a ɗakin haya.

Tunda na ambaci gona, malamai masu feshi da kansu, don Allah doguwar riga da takalmin roba da abin rufe hanci, a kuma yi wanka kafin a ci abinci. Kada a zuba maganin ciyawa a gorar lemo a ajiye inda yara suke, hutu ake suna gida.

Akwai kuma gajiyar da ba ta tsoka ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wani hali da matsin aiki mai tsawo yake jefa ma'aikaci. Ba ta kira shi cuta ba, amma ta ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga rai har mutum ya riƙa ƙyamar sa, da raguwar ƙwazo. Malamin da a da yake tsayawa bayan aji ya saurari ɗalibi, yanzu ko sallamarsu ba ya son ji. A yankinmu akwai ƙari a kan wannan. Shekarun da aka yi ana fama da rashin tsaro sun bar mutane da fargaba, wanda yake bin hanyar nan ta Kasuwan Magani da Kufana da Idon duk mako ya san yadda ake lissafin ƙarfe nawa za a tashi don kada dare ya yi a hanya. Mutane da yawa sun rasa barci, sai su zo neman diyazefam ba takardar likita. Ba na bayarwa, kuma wasu suna fushi da ni. Ƙwayar tana sa barci na 'yan kwanaki, daga nan jiki ya saba, ya koma ba ya yi sai da ita. In rashin barci ko ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya wuce mako biyu, magana ce ta likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, kamar yadda asibitin ido ba na makafi kaɗai ba ne.

Asibitin ido ya tuna mini. Baba yana makin takardu yana miƙa su nesa da fuskarsa. Daga shekara 40 ido yakan fara kasa ganin na kusa, kuma rabin ciwon kan masu makin dare tabarau ne maganinsa. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna, in an je a ce a auna har da hawan jinin ido, shi ma shiru yake ɓarna.

To me makarantun za su iya yi? Ba na cikin masu cewa sai an gina katafaren ɗakin motsa jiki. Yawancin manyan makarantu suna da ɗakin shan magani da ma'aikatan jinya, kuma lokacin da ɗalibai suka ragu shi ne lokacin da layi ya fi gajarta. A ware mako guda a cikin hutu, sashe-sashe, a auna jinin kowa da sugansa da nauyinsa, a fara da masu gadi da masu shara da direbobi, don su ne ba su da kuɗin zuwa wani wuri kuma su ne ba a tunawa da su in an kira taro. Na'urar awo da batir ba su kai kuɗin lemo da naman taron kwamiti guda ba. Amma sharaɗi biyu. Na farko, sakamakon na mai shi ne, kada ya bi fayil ya isa teburin shugaban sashe, in ba haka ba mutane za su gudu. Na biyu, a san inda za a tura wanda aka samu da matsala, ko Babban Asibitin Kafanchan ko wanda ya fi kusa, a kuma sa wani ya bibiye shi. Awon da ba bibiya tsoratarwa ce kawai. Ma'aikacin jiha kuma ya binciki matsayinsa a shirin taimakekeniyar lafiya na KADCHMA, ya san asibitin da aka rubuta masa tun kafin buƙata ta taso. Na sha ganin mai kati a aljihu yana sayen magani da kuɗinsa saboda bai taɓa zuwa ya ga yadda abin yake ba.

Ƙungiyoyin ma'aikata da na adashi su ma suna da rawar takawa. Yadda ake sayo shinkafa da taki a sari a raba, haka za a iya sayen na'urar awon jini guda a ajiye a ofishin kowane sashe.

Batun motsa jiki, abin da ake so shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, na tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma ba za ka iya waƙa ba. Mai noma zai ce ai shi ya wuce nan. Wanda yake riƙe fartanya da kansa, na yarda. Wanda yake zuwa a babur ya tsaya a gindin bishiya yana nuna wa 'yan ƙwadago kunya, bai shiga lissafi ba. Filayen makarantun nan suna da faɗi, tattakin safe sau biyu a mako kafin a shiga ofis ba ya cin ko kwabo, kuma a nan ne akawu da babban malami za su jera su yi hira. Wasan ƙwallo tsakanin malamai da ma'aikatan ofis yana da daɗi, amma ina roƙon a auna jini kafin a busa usur. Mai shekara 50 da ya yi shekara goma bai yi gudu ba kada ya tashi rana ɗaya ya ce shi ɗan gaba ne. Ga mata kuma a sa lokacin da zai yi musu, don wadda za ta tashi ta dafa abin kari ta shirya yara ba za ta fito ƙarfe 6 ba. Mutanen Kafanchan ma suna da abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su je gani, ga tsaunin Kagoro ga ruwan Matsirga a bayan gida, amma na san malaman da suka shekara 15 a garin ba su taɓa kai 'ya'yansu ba. In za a je Matsirga a wannan wata dai a tsaya nesa, ruwan yana da ƙarfi kuma duwatsun suna da santsi.

Abu mafi wuya shi ne hutun shekara. Yana nan a dokar aiki, manyan ma'aikata kwana 30 ne, amma da yawa suna cike takardar ne kawai su ci gaba da zuwa ofis, ko a kira su a waya kwana biyu da tafiya. Shugabannin sassa su tsara jadawalin sanwic da na makin jarrabawa yadda kowa zai samu ko da mako biyu a jere da ba aji, ba taro, ba takarda. Malamin da ya faɗi a tsakiyar zango, darasinsa ai kan sauran zai koma. Ni ma da nake wannan wa'azi, da na zauna rubutun nan na lissafa, rabona da rufe shago kwana uku a jere tun haihuwar autana. Maigidana ya karanta rabin rubutun ya ce in fara aika wa kaina kwafi.

Baba dai ban ba shi diklofenak ba a ranar. Na rubuta masa lambobin a takarda, na karɓi ragowar haɗin da ke aljihunsa, na ce Litinin kafin ya shiga aji ya ga likita ya nuna masa duka biyun, a duba ƙodarsa da sugansa. Ya ce Litinin yana da aji ƙarfe 8. Na ce, "Baba, ajin zai jira." Sai da na haɗa da kiran Mama a waya a gabansa, da izininsa, sannan ya amsa.

Bayan mako uku ya dawo da takardar asibiti. An ɗora shi a kan magani, ƙodar da sauƙi amma an ce a sake dubawa bayan wata uku, haɗin kuma ashe bai daɗe a kansa ba, likita ya ce ya bar shi. Ya samo tabarau. Ya ba wani ƙaramin malami rabin 'yan furojet ɗinsa, kwamitin coci kuma ya nemi a ɗaga masa ƙafa zuwa bayan girbi. Gona ce ya ce ko a bakin bindiga ba zai bari ba, ni ma ban nema ba. Na auna shi, 146 bisa 92. Bai kai inda ake so ba tukuna, zai koma asibiti ƙarshen wata. Da zai fita ya ce Asabar mai zuwa zai taho mini da direban sashensu, wai shi ma kullum da ƙullin haɗi a gaban mota.

Mako mai zuwa in Allah Ya yarda za mu koma kan maganin tari na yara, da dalilin da ya sa ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.